Wasiƙa Daga Pennsylvania, Inda Alewa Ke Sanar da Kamawar Wata

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaishe min da Inna, ki ce mata ƙafar da nake kuka da ita ta yi sauƙi.

Na ji saƙon muryarki, na yi dariya har da hawaye. Wato da kika ga hoton teburin falona ya cika da alewa sai kika ɗauka shago na buɗe ban gaya miki ba? To ba shago ba ne. Abin da 'ya'yanki biyu suka samo ne a dare ɗaya, daren 31 ga Oktoba, cikin abin da bai kai awa biyu ba. Tunda kin tono zancen, ki gyara zama, don shekara biyar da na yi a Birmingham ta Ingila da huɗun da na yi a nan sun mai da ni 'yar ƙaramar malama a fannin zaƙi.

A Amurka ko ba ki da kalanda, in kika shiga babban kanti kika dubi layin da ke kusa da ƙofa, za ki san watan da ake ciki. Tun Satumba komai ya koma ruwan goro da baƙi. Gari na wayewa ranar 1 ga Nuwamba sai ki tarar an kwashe, an jera ja da kore na Kirsimeti. Kafin a gama share na Kirsimeti, ja da ruwan hoda sun sauka saboda ranar masoya, daga nan sai rawaya da shuɗi mai haske na Ista. Na yi shekara guda cur kafin na gane cewa alewar dai ita ce, riga kawai take sauyawa. Ɗauki Reese's, wata cakulan mai niƙaƙƙiyar gyaɗa a ciki: a Oktoba siffar kabewa gare ta, a Disamba bishiya, a Fabrairu zuciya, da Ista kuma ƙwai. Kwaɓi ɗaya, suna huɗu.

Shi bikin Oktoban, Halowin suke ce masa. Asalinsa ba na Amurka ba ne. Mutanen Ailan da Sikotlan na da suna da wani biki na ƙarshen kaka da shigowar hunturu, suna ganin a daren ne matattu ke kusantar masu rai. Daga baya coci ta sa ranar tunawa da waliyyanta a 1 ga Nuwamba, daren jajiberinta ya haɗe da tsohon bikin. Da yunwa ta auka wa Ailan daga 1845, lokacin da cuta ta cinye musu dankali, jama'a suka yi ta tsallakowa Amurka da al'adarsu. A can gida wata saiwa mai tauri suke rarakewa su sa kyandir a ciki. Da suka zo nan suka tarar da kabewa, ga girma ga sauƙin yanka, shi ke nan kabewa ta gaje sarautar.

Yawon yara gida-gida kuwa bai kai wannan tsufan ba. Wajen shekarun 1920 da 1930 ya fara bazuwa, yaƙin duniya na biyu ya taka masa birki saboda daga 1942 sai da kati ake sayen sukari, ba a saki ba sai 1947. Bayan nan ne abin ya zama ruwan dare. Yaro zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce "tirik o tirit", ma'ana ko ki ba ni ɗan abin taɓawa ko in yi miki ƙeta. Yanzu ƙetar a baki kawai ta tsaya. Ƙa'idar unguwa guda ce: gidan da ya kunna fitilar ƙofa yana maraba, wanda ya kashe a wuce shi ba tare da jin haushi ba. In kika ga kabewa mai launin shuɗi-kore a bakin ƙofa, alama ce akwai fensir ko 'yan kayan wasa don yaran da gyaɗa ko madara ke tayar wa da ciwo.

Kafin ki tambaya: eh, mun sha muhawara da babansu a kan fitar. Akwai iyaye da yawa a nan, Musulmi da Kirista, da ba sa barin 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba. Mu dai muka tsaya a kan babu kayan fatalwa, babu ƙahon shaiɗan. Babbar ta yi shigar likita, ƙaramin na ɗan kwana-kwana, ni kuma ina biye da su da tocila kamar dogari.

Wata dattijuwar maƙwabciyata ta ce da tana yarinya tuffa ake ba su, ko biskit ɗin da uwar gida ta gasa da hannunta, ko 'yan kwabbai. Yau in kika ba yaro abin da kika dafa, uwarsa a kwandon shara za ta zuba, komai daɗinsa. Tsoro ne ya kawo haka. Tun wajen 1970 ake yaɗa labarin mugaye masu sa guba ko reza a cikin alewa. Shari'ar da ta fi tayar da hankali ta 1974 ce a jihar Texas, inda wani yaro ya mutu bayan ya sha alewa mai guba, amma da aka bincika ba baƙo ba ne, ubansa ne ya yi don kuɗin inshora. Duk da haka tsoron baƙo ne ya zauna a zukata, kuma kamfanoni ne suka ci riba, domin abin da inji ya naɗe ya liƙe shi kaɗai ake yarda da shi. Har ƙananan ƙunshi na musamman suke yi don daren, loma ɗaya ta ƙare.

Akwai wata da suke kira alewar masara, 'yar mitsitsiya mai kusurwa uku, fari da ruwan goro da rawaya. A Filadelfiya aka fara yin ta a shekarun 1880, kuma a da har "abincin kaji" ake rubutawa a kwalinta. Amurkawa sun rabu biyu a kanta kamar a kan jam'iyya. Ni dai na ɗanɗana sau ɗaya, kamar an narkar da kyandir an zuba masa sukari.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci min rai, wato ita cakulan ɗin kanta. Jihar nan da nake ita ce uwar cakulan ta Amurka. Akwai gari sukutum mai suna Hershey, wanda Milton Hershey ya gina wa ma'aikatansa bayan ya fara sayar da cakulan mai madara a 1900. Mun kai yara bara. Fitilun titin ma siffar alewarsu Kisses aka yi musu, wadda ta fito a 1907. Mutumin bai haihu ba, sai shi da matarsa suka kafa makarantar marayu a 1909, ya bar mata dukiyarsa, har gobe tana nan. Shi ma mai Reese's ɗin a gonar shanun Hershey ya yi aiki kafin ya kama nasa. Duk wannan ya tuna min da Bournville a Birmingham, inda 'yan gidan Cadbury suka mai da masana'antarsu a 1879, suka gina wa ma'aikata gidaje masu lambu. Da yake su 'yan wata ɗariƙar Kirista ce da ke ƙin giya, ba su bari an buɗe mashaya a unguwar ba.

Tarihinsu ya yi kama, amma a baki sam ba ɗaya ba ne. Ranar da na fara saka cakulan ɗin nan a baki na ɗauka ta lalace, akwai wani ɗan tsami-tsami a ƙarshenta kamar madarar da ta kwana. Ashe haka take, daga yadda ake sarrafa madarar ne, kuma wanda ya tashi da ita in ba tsamin sai ya ce ba cakulan ba ce. Ga kuma bambancin doka: a Amurka in akwai koko kashi 10 cikin 100 an yarda a kira ta cakulan mai madara, a Ingila sai ya kai 20, a yawancin sauran ƙasashen Turai 25. Na taɓa hango Cadbury a kanti na yi tsalle na ɗauka, na ce yau na gamu da 'yar gida. Da na juya bayan ledar sai na ga Hershey ne ke yin ta da izinin Cadbury, tun 1988 haka yarjejeniyarsu take. Ba ta da laifi, amma ba waccan ba ce. A wannan fagen Ingila na ba wa kambu, ko a gaban maƙwabtana zan maimaita.

Sai dai a Halowin kam Ingila 'yar kallo ce. Can ana yi, amma jefi-jefi. Daren da ya fi armashi shi ne 5 ga Nuwamba, da ake hura wuta ana harba tartsatsi don tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisa na 1605, yara na gatsar tuffa da aka tsoma a narkakken sukari. Inda Ingila ke rama wa kura aniyarta shi ne Ista. Kirista na azumin kwana 40 kafin bikin, a da har ƙwai ba sa ci, shi ya sa in azumi ya ƙare ƙwai ke zama abin murna. Kamfanin Fry na Bristol ya yi ƙwan cakulan a 1873, Cadbury ya biyo a 1875. Yau za ki ga ƙwai kamar kan jariri a cikin kwali mai ƙyalli, ki biya fam ɗinki, ki fasa ki tarar iska ce a ciki, ɓawon ne kawai cakulan. Kuɗin kwali kika biya. A nan kuwa ƙananan ƙwai na roba ake cikawa da alewa a ɓoye a ciyawa yara su nema, wai zomo ne ya ajiye. Jamusawan da suka zauna a Pennsylvania tun ƙarni na 18 ne suka zo da labarin zomon. Fadar White House ma tana tara yara su mirgina ƙwai a filinta, al'adar da ta faro a 1878.

Wani abin dariya, ƙwan Kinder Surprise mai ɗan abin wasa a ciki, wanda na saba saya wa babbar a Birmingham, haramtacce ne a Amurka. Wata doka ta 1938 ta hana a cusa abin da ba a ci a cikin abinci. In aka gan shi a jakarki a filin jirgi ƙwacewa za a yi. Wanda ake sayarwa nan Kinder Joy ne, an raba shi gida biyu, abin wasa gefe, abin ci gefe.

To ga inda nake so ki buɗe kunne, don ranar da za ki zo. Alewar Ista da ta fi suna a nan Peeps ce, 'yan tsaki rawaya masu laushi kamar auduga, ana yin su a garin Bethlehem, nan cikin jiharmu. Da kamfanin ya karɓi sana'ar a 1953 da hannu ake matsa su, ɗan tsako ɗaya sai ya ci awa 27 kafin ya bushe. Da inji ya shigo ya koma minti 6. Kyau kamar ki sa a kabad. Amma abin da ke ba ta laushin jelatin ne, wani sinadari mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, kuma na alade ne, kamfanin ma bai ɓoye ba. Haka yawancin alewa mai danƙo take, har da wasu irin alewar masaran. Saboda haka daren Halowin in mun dawo, sai in shimfiɗa tabarma in zazzage bokitai, in ɗauko tabarau ina karanta bayan leda ɗaya bayan ɗaya, tsibi biyu. Yara na zaune suna kallona kamar masu jiran hukuncin alƙali. Wanda bai tsallake ba babansu ke kaiwa wurin aiki. A Birmingham ban sha wannan wahalar ba, don can ko a ƙaramin shago za ki samu alewar Haribo mai danƙo da aka yi a Turkiyya da jelatin na saniya, da tambarin halal ɓaro-ɓaro. Nan sai na yi tuƙi zuwa shagon Larabawa.

Ranar masoya ba ni da abin cewa da yawa, illa dai yaran firamare ma ba su tsira ba: kowane yaro zai kai wa duk 'yan ajinsu kati da alewa, kada a bar kowa. Aji mai yara 24, lissafa da kanki.

Batun kuɗi kuwa, wayon guda ne, kuma wata 'yar Somaliya ce ta koya min. Kada ki saya kafin biki sai in dole. Kashegari da safe ake zaftare rabin kuɗin, bayan 'yan kwanaki ma a ƙara zaftarewa, alhali ba abin da ya samu alewar, rigarta ce kawai ta tsufa. Wayon ya ƙara amfani tun 2024, da kuɗin koko ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya saboda rashin albarkar gonaki a Kwaddebuwa da Gana. Tun daga nan na lura bokitin yara ya rage cakulan, ya ƙaru da alewar 'ya'yan itace mai danƙo, wato dai aikin tabarau ya ƙaru.

Tsarabar da kika ce in haɗo wa yara, cakulan ba za ta kai ba, kafin ta iso ta zama kunu. Alewar kwagiri ta Kirsimeti zan saya, fara mai ratsin ja, mai ƙamshin na'ana'a, kanta a lanƙwashe. Ana ba da labarin wai wani shugaban mawaƙan coci a Jamus ne ya fara raba ta don yara su yi shiru. Tatsuniya ce mai daɗi. Ita ba ta narkewa, kuma sukari ne da man na'ana'a, ba ruwanta da jelatin, matsalarta karyewa. Zan jira 26 ga Disamba in kwaso, in naɗe kowace a cikin safa. Ki ƙirgo min yaran gidan duka, har da na maƙwabta da ba sa fita daga ɗakin Inna, kada a zo rabo a yi kuka.

Ƙanwarki.