Rufe bakin mura da korona: a kama ɓarawo ko a toshe ƙofa?

Ƙwayar bairos ba ta shiga tantanin jikin mutum da ƙarfin tsiya. Ta korona tana da ƙaya a bayanta da ke manne wa furotin ACE2 da ke jikin tantaninmu, amma sai wani enzayim na jikinmu, TMPRSS2, ya yanka ƙayar kafin ta samu shiga. Ke nan da ɗan gari akan ci gari. Masu haɗa magani suna da zaɓi biyu.

Na farko, a kai hari kan furotin ɗin bairos ɗin kansa. Maganin mura Tamiflu, da aka amince da shi a 1999, yana daƙile neuraminidase, wani enzayim na bairos ɗin mura, sai sababbin ƙwayoyi su kasa ɓallewa daga tantanin da suka cika. Jiki ba ya shan wahala sosai, tunda abin da aka nufa baƙo ne. Matsalar ita ce bairos na sauya kama: a lokacin sanyi na 2008 zuwa 2009, kusan duk murar H1N1 da ke yawo ta daina jin Tamiflu saboda canji ɗaya tak.

Na biyu, a toshe namu enzayim. A ganina wannan ya fi hikima, domin ƙwayoyin halittarmu ba sa sauyawa dare ɗaya. Camostat, maganin da Japan ke ba masu kumburin fankiriyas (pancreas), yana kashe TMPRSS2. Abin takaici, gwajinsa a kan masu korona bai ba da sakamako mai kyau ba. Ƙwayar na da wata hanya: tantani ya haɗiye ta, wani enzayim ɗinmu, cathepsin L, ya yanka ƙayar a ciki. Korona nau'in Omicron ma ta fi bin nan.