Na'urar GPS ta gwanjo a daminar Katsina: ba ruwan sama ne ke rikita ta ba

Kafin faɗuwar damina na sayi ƙaramar na'urar GPS ta hannu a gwanjo, irin mai maɓallan nan da ke cin batir biyu na agogon bango. Don wasan jiyokashin na saye ta, kuma da ita na yi ta yawo har aka fara yankan gero. Abokai sun dame ni da tambaya ko ta fi waya idan ana ruwa. Ta fi, amma ba ta fuskar da mai sayarwa ya yi min talla ba. Shi cewa ya yi hadari na toshe GPS ɗin waya, tasa kuwa ratsa gajimare take yi. Wannan zance ne na ɗan kasuwa.

Ga wanda bai san wasan ba: wani zai ɓoye 'yar roba mai ɗauke da takardar sa hannu, ya rubuta lambobin wurin, wato latitud da lonjitud, ya ba wasu su nemo. Wanda ya gano sai ya sa sunansa da kwanan wata, ya mayar da ita yadda ya same ta. A Amurka aka faro shi. Kafin shekarar 2000 gwamnatinsu da gangan take gurɓata saƙon GPS na farar hula, har kuskuren yakan kai mita 100. A farkon watan Mayu na shekarar Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina, ranar 3 ga watan kuwa wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a jihar Oregon, ya sa lambobin a intanet. Yanzu shafin Geocaching.com yana da ɓoyayyun robobi sama da miliyan 3 a duniya. Mu dai a nan namu muke ɓoyewa, mu 'yan tsiraru, mu tura wa juna lambobi ta WhatsApp. Wani ya ajiye a wajen Ƙofar Ƙaura, wani a hanyar Ajiwa, wani abokinmu ɗan Daura kuma yana jiranmu da nasa duk ranar da muka leƙa.

Gwajin da ya fi gamsar da ni a fili na yi shi, wani filin ƙwallo da babu bishiya babu gini kusa. Tun da rana tsaka, sama tas, na ajiye alama a gindin turken raga. Na'urar tana da shafi mai nuna taurarin ɗan adam da take ji, kowanne da sandarsa ta ƙarfi, a ƙasa kuma ta rubuta kuskuren da take zato. Ranar tana nuna mita 3 zuwa 4. Cikin watan Agusta, ranar da aka tashi da marka, na koma wurin ina sanye da rigar ruwa. Ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, sandunan nan suna tsaye ƙyam, lambar tana wasa tsakanin 3 da 5, kibiya ta kai ni har turken. Wayata da na ƙulle a farar leda ita ma ba ta kauce ba. A daren kuwa satalayit ɗin gidanmu ɗaukewa ya yi tun hadari bai gama haɗuwa ba.

Daga nan ne ma mutane suka samo tunanin. Kowa ya ga yadda hoton talabijin ke daskarewa da zarar an fara yayyafi, sai a ɗauka duk abin da ke saukowa daga tauraron ɗan adam haka yake. Bambancin yana cikin mitar saƙon, wato yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya, wadda ake aunawa da megahaz ko gigahaz. Tashoshin talabijin ɗin nan suna saukowa a wajen gigahaz 11 zuwa 12, tsawon zangonsu, wato tazarar kaɗawa ɗaya zuwa ta gaba, bai kai santimita uku ba, ɗigon ruwa kuwa milimita kaɗan ne, don haka yana iya shanye shi ya kuma warwatsa shi. Babban saƙon GPS na farar hula yana kan megahaz 1575.42, zangonsa kusan santimita 19. Ɗigon ruwa ya yi masa ƙanƙanta ƙwarai, sai ya wuce abinsa. Tururin ruwan da ke cikin iska yana ɗan jinkirta shi, gaskiya ne, amma abin da wannan ke jawowa lissafin santimita ne, damuwar masu awon filaye da manyan kayan aiki. Mai neman robar man shafawa a bayan dutse ba zai taɓa lura ba.

To me ya sa duk da haka nema ya fi wuya da damina? Ganye. Taurarin suna can nisan kilomita 20,200, saƙon da ke isowa ƙasa rauni gare shi sosai, kuma sai na'ura ta ji aƙalla huɗu kafin ta faɗi inda kake. Ruwan da ke faɗowa a warwatse ba ya tare shi, amma ruwan da ya taru ya kwanta a jikin abu yana tarewa. Dogon yaro da mangwaro da suka yi lif da ganye, kowane ganye ya jiƙe sharkaf, rufi ne sosai a kan mai nema. Akwai robar da wani cikinmu ya ajiye a kogon wata tsohuwar bishiya cikin jerin dogon yaro. Da rani, lambobinsa suna kai mutum har ya miƙa hannu. Bayan an ɗauke ruwa da la'asar na shiga wurin, sai na ga sanduna suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kuskure ya haura mita 12, kibiya ta ce gaba, in taka uku ta ce baya. Abin lura, a lokacin ko ɗigo ba ya sauka daga sama, rana ma ta leƙo. Waya da na'urar duk tare suka rikice, babu wadda ta fi wata.

Dabarar da ta fisshe ni ita ce ficewa daga inuwar gaba ɗaya. Na koma fili na miƙo tafiya ina kallon inda kibiya ta nufa, na sake zagayawa ta wani ɓangaren na yi haka, inda layukan biyu suka haɗu nan na dosa, na sa na'urar a aljihu na ci gaba da ido.

Cikin tsohon gari kuma wata matsalar ce daban. A lungunan da ke kewayen hasumiyar Gobarau sararin sama da kake gani siriri ne, katanga dama da hagu, ga rufin kwano ko'ina. Saƙon yakan bugi kwano ko jiƙaƙƙen bango ya dawo, sai ya iso a makare, ita kuwa na'ura da lokaci take auna nisa. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300, ka ga ko ɗan jinkiri kaɗan ya isa ya jefa ka gidan maƙwabta. A irin wannan wuri wayar wani ƙanena ta ba na'urata kunya. Tasa sabuwa ce, tana jin taurarin Amurka da na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, kuma tana karɓar saƙo a mitoci biyu, har da ta megahaz 1176.45 da ta fi iya tace saƙon da ya bugi wani abu ya dawo. Tawa GPS na Amurka da GLONASS na Rasha kawai ta sani. Yana ta min dariya yana cewa, "Yaya, wannan ai sai gidan tarihi."

Inda na'urar ta ci kuɗinta a hannu ne. Duk wanda ya taɓa latsa waya da jiƙaƙƙen yatsa ya san abin da nake nufi: ɗigo ɗaya ya faɗa a fuskar, taswira ta zuƙe, ta buɗe abin da ba ka ce ba, ka goge da riga rigar ma a jiƙe. Maɓalli kuwa babu ruwansa. An rubuta IPX7 a bayanta, ma'ana an yi ta ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ban tsoma ta a bokiti don gwaji ba, kayan gwanjo ne, amma ta sha duka a marka, ta faɗa caɓi na ɗauraye ta a bakin famfo, ba ta ce uffan ba. Batir kuma yakan wuni ya kwana, in ya mutu kowane mai tireda na da shi. Da damina, lokacin da iska ɗaya ke kayar da turakun lantarki a kwana biyu babu wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wayar da ka kunna wa GPS da haske kafin la'asar ta fara kuka.

Sai abin da na fi so a cikinta, wanda mai ɓoyewa ya fi mai nema buƙata. Tana iya tsayawa wuri ɗaya ta yi ta karɓar lambobi na 'yan mintuna ta fitar da matsakaici. A tsarin da ake rubuta lambobin wasan, canza lambar ƙarshe ta latitud da ɗaya tak kusan mita 2 ne a ƙasa. Wanda ya tsaya ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar bishiya ya kwafi abin da ya fara gani, ya tura wa mutane, ya haɗa su da wahala har rani.

Aibunta ba su ɓuya. Taswirar cikinta ba ta san Katsina ba, daga ɗigon gari sai manyan hanyoyi, babu unguwa babu lungu. Shigar da lambobi da ɗan maɓallinta mai kama da sanda sai mai haƙuri. Idan ta kwana biyu a kashe takan ɗauki mintuna tana lalube kafin ta kama, alhali waya na samun bayanin taurarin ta intanet cikin daƙiƙu. Ba ta da kamfas na kanta, sai kana tafiya kibiyar ke faɗin gaskiya, ka tsaya ta fara juyi. Murfin robar da ke rufe ramin da ake soka kebul kuma ya saki, da salatif nake manne shi, kuma ta nan nake tsoron ruwa zai shiga wata rana.

Akwai abin da babu na'urar da za ta yi maka maganinsa. A garinmu, a wannan zamani, ganin samari suna zagaya bishiya da wani abu mai kama da rediyon 'yan sanda ba abin wasa ba ne. Wani dattijo ya taɓa tare mu, ya ce, "Samari, lafiya? Me kuke binnewa?" Na ce, "Baba, wallahi ba binnewa muke ba, wasa ne," na buɗe robar na nuna masa takarda da fensir. Ya juya ta, ya girgiza kai, ya ce Allah ya shirya. Dokar wasan ma ta hana haƙa rami, ta kuma ce a nemi izinin mai wuri, mu kuma mun ƙara da sanar da mai unguwa. Ba ma zuwa daji mai nisa, ba ma kusantar maƙabarta ko shingen jami'an tsaro, ba ma taɓa ganuwa ko jikin tsohon gini. Da an fara walƙiya kuma wasa ya tashi, domin yawancin ɓoyonmu a gindin bishiya yake. Kogo da damina gidan kunama ne da maciji, kara ake fara turawa kafin hannu.

Robar ma a zaɓa. Gwangwani tsatsa yake yi, leda zalla kuwa gara ke cinye ta. Robar magani mai murfin murɗawa ita ta fi daɗewa a wajenmu, takarda a cikin wata ledar daban, da guntun fensir, don biro ba ya kama takarda mai laima.

Wanda ke da wayar zamani mai jin taurari da yawa, kuma fitarsa ba ta wuce bayan la'asar zuwa magariba, ya sayi jakar ledar waya mai zif ya riƙe kuɗinsa. Wanda ke ɓoyewa da kansa, ko yake wuni a waje cikin ruwa, ko kuma wayarsa guda ce da ita yake neman abinci, na'urar za ta yi masa rana in ya same ta da araha. Kafin ya biya, ya buɗe gidan batir ya duba tsatsa da zoben robar da ke bakin murfin, sannan ya fita da ita fili a gaban mai kayan ya jira sandunan su tashi.