Soket mai zagaye ko XT60: wanne zai ɗauki ampiya 10?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya: yana haɗa akwatin batirin sola mai bolt 12 da zai riƙa ba fitilu da fanka da ƙaramar talabijin wuta, jimillar abin da za su ja ya kai wat 120. Shin ya sa soket mai zagaye irin na bakin cajar laftof, ko kuwa ya nemi XT60, wani mahaɗin wuta mai ƙafa biyu da ake sa wa batir?

Malam, fara da lissafi. Wat 120 a kan bolt 12 ampiya 10 ke nan, kuma nan matsalar take. Soket mai zagaye da ake sayarwa a kasuwa iri biyu ne suka fi yawa, dukansu kaurinsu na waje milimita 5.5, amma tsinken ciki na ɗaya 2.1 ne, na ɗayan 2.5. Masu kyan cikinsu an yi su ne don ampiya 5 ko ƙasa da haka, masu araha kuwa ko 3 ban yarda su daɗe a kai ba. Cajar laftof mai wat 90 tana amfani da bakin 2.5 lafiya lau domin bolt 19 take bayarwa, abin da ke bi ta ciki ampiya 4.74 ne kawai. Kai naka ya ninka wannan har da ɗori.

Dalilin zafin yana cikin yadda aka ƙera shi. Idan ka leƙa cikin soket ɗin za ka ga wani ɗan siririn ƙarfe a gefe, shi ke danne jikin fulogin, kuma wurin da suke taɓa juna bai taka kara ya karya ba. A ce turjiyar wurin, wato yadda yake tare wa wuta hanya, om 0.03 ce. A ampiya 3, zafin da zai fita bai kai sulusin wat ɗaya ba. A ampiya 10 kuwa wat 3 ne cif, duk a tattare cikin roba ƙarama. Robar ta yi laushi, ƙarfen ya saki, haɗuwar ta ƙara lalacewa, zafi ya ƙaru. A watan Afrilu, cikin akwati rufaffe, ba a ɗaukar lokaci kafin ka ji ƙauri.

Akwai kuma tarkon da ya fi cin mutane: fulogin 2.5 yana shiga soket ɗin 2.1 salin alin, har wuta ta kawo, amma tsinken yana lilo a ciki. Da an taɓa waya sai fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, ciki kuma tartsatsi na cin ƙarfe. Fulogin 2.1 ba ya shiga soket ɗin 2.5 ko kaɗan, shi gara shi, ya gaya maka gaskiya tun farko.

XT60 daga wajen masu jirage marasa matuƙi ya fito. Ƙafafunsa masu kauri ne, suna kama juna ta kowane gefe, yana ɗaukar ampiya 30 a kai a kai ba tare da damuwa ba, kuma siffarsa ba ta bari a juya shi fositif ya koma negatif. Aibinsa shi ne sai ka liƙa waya da dalma da ƙarfe mai zafi sosai, kuma yana da tauri wajen cirewa. Ƙanensa XT30 ma zai ishe ka, tunda yana kai ampiya 15.

Ni dai shawarata, babbar hanyar da ta fito daga batir ka sa mata XT60, da wayar tagulla zalla mai kaurin 2.5 mm², ba alminiyam da aka shafa wa jan launi ba, sannan fis na ampiya 15 dab da kan batirin. Daga nan sai ka raba wutar zuwa soket masu zagaye huɗu, kowanne da ƙaramin fis nasa da kayansa guda, kada wani ya wuce ampiya 3. Korayen soket ɗin nan masu zagaye masu sukurori da ake sa wa kyamarar tsaro kada ka ɗora musu fanka.

Wajen liƙawa ka lura, yawancin soket ɗin ƙafa uku gare su. Ta ukun makunni ce da ke yankewa da zarar fulogi ya shiga, don haka ka gwada da mita kafin ka sa dalma. Ka kuma duba zanen da ke jikin kowace na'ura, galibi tsinken tsakiya ne fositif, amma ba duka ba.