ADALM2000: Ɗakin Gwaji Na Tafi-Da-Gidanka Ga Ɗaliban Lantarki

Duk malamin da ke koyar da darasin tiransisto da diyod a jami'o'inmu ya san inda gizo ke saƙar. Ɗalibai sun cika ɗakin gwaji, osiloskop (na'urar da ke nuna siffar sigina a fuska) mai lafiya bai taka kara ya karya ba, ga wuta da ake ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Sai ka ga yaro ya kai aji huɗu yana iya warware lissafin amfilifaya a takarda tsaf, amma bai taɓa ganin sigina da idonsa ba. Wannan ne ya sa na sayi ADALM2000 na kamfanin Analog Devices, na yi zangon karatu guda ina koyarwa da ita.

Na'urar ba ta wuce tafin hannu ba. A cikinta akwai osiloskop mai tasha biyu da ke ɗaukar awo miliyan 100 a daƙiƙa, da injin samar da sigina shi ma mai tasha biyu, da tushen wuta na volt 5 sama da volt 5 ƙasa, sai layuka 16 na aikin dijital. Da wayar USB ake jona ta da kwamfuta, daga nan kuma take shan wutarta. Manhajarta, Scopy, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da macOS. Muddin batirin laftof na da caji, ɗauke wuta ba ya tsayar da darasi, kuma a wurinmu wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ba shi ne ya fi burge ni ba. Abin da ya fi shi ne yadda take nuna wa ɗalibi cewa tiransiston gaske ba ya bin littafi sau da ƙafa. Na raba musu tiransisto BC547 daga leda ɗaya, irin wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, na ce kowane rukuni ya auna beta ɗin nasa, wato sau nawa yake ninka wutar da ta shiga ƙafar bes. Kowa ya samu lamba daban. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wanne ne daidai?" Na ce duka daidai ne, domin takardar bayanin BC547 ita kanta ta ba da tazara daga 110 har 800. A nan suka gane dalilin da ya sa ba a gina da'ira a kan beta, da dalilin sanya rizisto a ƙafar emita. Na sha faɗin wannan a gaban allo shekara da shekaru, amma bai taɓa zama a kansu kamar ranar ba.

Haka batun zafi. Ƙarfin wutar da ke tsakanin bes da emita, wanda muke ɗauka kusan volt 0.7, yana raguwa da kimanin milivolt 2 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Na sa su haɗa da'ira ba rizisto a emita, sannan su kama tiransiston da yatsu biyu. Suna kallo layin kolekta ya fara sauka a fuskar kwamfuta. Ga wanda zai ƙera kayan da za su yi aiki cikin zafin Afrilu a Kano ko Maraɗi, wannan ba darasin wucewa ba ne. Da ƙaramin amfilifaya 741 kuma, wanda ya fito tun 1968, mun ƙara saurin sigina har zuwa kilohaz 50, sai lanƙwasar ta koma mai tsini kamar haƙoran zarto, domin ba ya iya canza wutar da yake fitarwa fiye da kusan rabin volt a kowace maikurosakan. Scopy tana kuma zana jadawalin Bode, mai nuna yadda da'ira ke amsa sigina masu sauri daban-daban, da kanta, aikin da a da yake cinye mana yini guda na rubuta lambobi da hannu.

Tana da iyakarta, kuma ya kamata mai saye ya sani tun farko. Tushen wutarta miliamfiya 50 kawai yake bayarwa, don haka amfilifaya mai tuƙa lasifika ko da'irar injin lantarki mai juyawa sai an nemo wuta daga waje. Tashar awonta ba ta ɗaukar fiye da volt 25, saboda haka haramun ne a kusantar da ita ga wutar bango. Wannan nake fara gargaɗin ɗalibai da shi kafin su taɓa komai. Kuɗinta kuma da dala ne, ba kowane ɗalibi zai iya saya ba. A ganina sashe ne ya kamata ya saya, a riƙa ba kowane rukuni na mutum uku ko huɗu aro.

Akwai kuma wani abu da ke damuna. Wanda ya saba da linzamin kwamfuta kaɗai yana iya rikicewa ranar da aka ajiye shi gaban osiloskop na tebur mai maɓallai a masana'anta. Don haka ban yarda a jingine tsofaffin na'urorin ɗakin gwaji ba. Tsarin da ya yi mini aiki shi ne a fara lissafi da hannu, a gwada a LTspice, manhajar kwaikwayon da'ira a kwamfuta wadda ita ma kyauta ce, a haɗa a allon gwaji a auna da ADALM2000, sannan a bayyana a rahoto dalilin da ya sa sakamakon ukun bai zo ɗaya ba. Wannan sashen rahoton nake ba maki mafi yawa.

Zango mai zuwa ina so in gwada ta a darasin MOSFET, wani nau'in tiransisto, da na tagwayen tiransisto, kuma na riga na rubuta wa shugaban sashe ina roƙon a saka guda goma a kasafin bana.