Kyamarar ɗaurewa a daji: me take iya yi a duwatsun Abzin?

Ƙananan kyamarorin nan da ake ɗaurewa a jikin icce su riƙa ɗaukar hoto da kansu sun fara samuwa a kasuwa. Masu garke na iya sayensu don su gane abin da ke ci masu awaki. Amma inda ake gane ingancin irin wannan kyamara shi ne wuri mai dutse da zafi irin gandun Abzin da Tenere na jihar Agadas, wanda aka kafa a 1988, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991.

Mai arahar tana cin batir ƙanana guda 8 da katin memori mai giga 32. Idonta ba motsi kawai yake gani ba, bambancin zafi yake ji tsakanin jikin dabba da abin da ke bayanta. Nan ne aibinta yake. Da tsakar rana dutse kan gasu har ya kai ɗumin jikin dabba, sai ragon dutse ya ratsa gabanta ba ta ɗauki komai ba. Agwada kuwa, da ke shan hantsi a kan falalen dutse, ƙanƙantarta na sa a rasa ta in tazara ta haura mita 5. Asara ce babba, don agwada ce abincin gaggafa, kuma yawanta ke nuna ko dutsen na da rai.

Da dare labari ya sake. Dutse ya huce, sai ta kama dila da sayaki sarai, su da ke kwashe mushe kafin ya ruɓe kusa da ruwa. Hoton baƙi da fari ne, amma ana bambance dabba.

Mafificin wuri shi ne bakin tafkin cikin dutse, ko gindin itacen kandili lokacin da 'ya'yansa ke zuba. Barewa na cin kwanson, ƙwayar ta ratsa cikinta, ƙwaron da ke huda ta ya mutu, ta faɗi nesa tare da taki. Haka itatuwan ƙorama ke yaɗuwa, kuma kyamarar na nuna wannan aiki dare bayan dare.

A ɗaura ta kamar santimita 50 daga ƙasa, fuskarta arewa ko kudu. In ta kalli gabas ko yamma, fitowar rana da faɗuwarta za su cika katin da hotunan banza. A cire ciyawa da rassan da ke gabanta, don iska na kaɗa su. Tazarar minti 1 tsakanin hotuna ta isa, in ba haka ba garken awaki ɗaya zai ƙarar da batir a yini.

Igiyar da ake haɗo ta da ita ba ta da ƙarko, rana na cinye ta. A sa waya da akwatin ƙarfe, musamman inda ake da biri, don hannunsa ba ya barin sabon abu. Robar murfin ma ƙurar hunturu na shiga ta, sai an naɗe bakin da salatif.

Ga mai son sanin dabbobin dare, kuɗinsa bai faɗi ba. Mai ƙidayar dabbobin rana ya nemi wadda ake saita ta ɗauki hoto kowane minti 5 ko da motsi ko babu. Kafin a kafa ta cikin gandu kuma, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji.