GARGAƊI ga masu Land Cruiser, Lexus da Prado: ku yi hattara da mai tallan taya da wili a Instagram

Salamu alaikum jama'a. Don Allah duk mai jif, ko direban da yake tuƙa ta maigida, ko wanda shi ake aika sayen taya, ya daure ya karanta wannan ya tura wa ƴan uwa. Akwai wani ɗan damfara da yake tallan tayoyi da wili na manyan motoci a Instagram da TikTok, kuma masu kuɗi yake farauta, musamman waɗanda suke son su gyara motarsu ta riƙa shiga gona da ƙauye. Ba zan kama suna ba saboda magana tana hannun hukuma, kuma ko na kama ma aikin banza ne tunda sunan shafin canza shi yake kamar riga. Salon nasa zan gaya muku, shi ne ba ya canzawa.

Zai saka bidiyon sito cike da taya har rufi, ga BFGoodrich KO2, ga Falken Wildpeak, ga Toyo Open Country, ga wili masu ƙyalli inci 20 da 22, ya ce kwantena ce ta sauka daga Dubai yana so ya kaɗar ya koma, farashi kuma kusan rabin na kasuwa. Wallahi ya iya baki, daga ka yi masa magana sai ranka ya daɗe, Alhajina, ai irinku ba a yi muku tsada. In ka ce za ka zo shago ya ce sito yana Legas, in kana Legas ya ce yana Kano. Daga nan sai a tura rabin kuɗi kafin alƙalami, ya saka kaya a mota a tasha, in sun iso a cika. Sannan ga inda ya fi cin mutane: zai ce kada ka wahala da tsofaffin wilinka, yaronsa zai zo ya karɓa a rage maka kuɗinsu.

Yayana ya faɗa hannunsa. Lexus LX 570 gare shi, kuma da damina hanyar gonarsa ba ta biyuwa, jar ƙasa ce da zaizaya da ramuka, shi taya mai ƙarfi kawai yake nema amma mutumin ya yi ta zuga shi har ya yarda da wili inci 22 wai motar za ta fi kwarjini. Kaya suka iso, yaron ya karɓi cikon kuɗi ya loda wilin motar na asali a a-kori-kura ya yi gaba, tun kafin mai faci ya gama kwance ledar sababbin.

Mai facinmu dattijo ne, ya daɗe a sana'ar. Bai ce komai ba, ya jiƙa tsumma ya goge gefen taya ɗaya, baƙin man da aka shafa ya biyo tsumman, sai ya kira yayana ya ce Alhaji zo ka gani da idonka. Wurin da ake rubuta lokacin da aka yi tayar an gurje shi ya yi sumul ya ɗan loɓa, an buga wasu lambobi a kai, ɗaya ta hau ɗaya ta sauka. Abin da aka buga shi ne 5823. Ga wanda bai sani ba, a gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne shekarunta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, misali 1224 sati na 12 ke nan a 2024. To a wace shekara aka taɓa yin sati 58? Ko ƙaryar ma ba su iya ba. Ya danna gefen tayar da babban yatsa sai ga ƙananan tsagewa sun buɗe ko'ina, robar ta bushe ƙamas. Ya sa yatsa cikin zanen ya ce wannan ba zanen kamfani ba ne, da wuƙa mai zafi aka sake yanka shi don ya yi zurfi, shi ya sa ɗan tudun nan da kamfani yake bari a cikin rami, wanda in taya ta cinye ta kai milimita 1.6 yake fitowa daidai da fuska, babu shi sam, an sare shi. A wuri guda har wayar ciki tana leƙowa.

Wilin kuma abin takaici ne. Ramukan noti biyar ne, eh, amma ba tazarar motar ba ce, sai aka haɗo da wani faifan ƙarfe wai adafta. Da aka kifa ɗaya sai ga layin walda a ciki an shafe shi da fenti, ma'ana ya taɓa fashewa aka ɗinke. Babu inda aka rubuta nauyin da yake ɗauka. Aka kira mutumin ya ce kuskuren yaran sito ne za a canza, washegari lamba a kashe, shafi ya toshe mu, sunan akawun ɗin da aka tura kuɗi kuwa dama ba nasa ba ne. Wilin Lexus na asali har da na'urar auna iska da take cikinsu, shi ke nan sun tafi, kuma duk wanda ya taɓa neman irinsu a kasuwa ya san su kaɗai ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Maganar tazarar noti ku riƙe ta da kyau don da ita ake cutar mutane da yawa. Land Cruiser 200 da LX 570 noti biyar ne, 5x150, wato noti biyar a da'ira mai faɗin milimita 150. Sabuwar Land Cruiser 300 da LX 600 noti shida ne, 6x139.7. Prado 150 da Hilux ma shida ne masu wannan tazarar, amma ramin tsakiyarsu ba ɗaya ba ne da na 300 kuma kaurin notin ma daban, don haka kada wani ya ce maka ai duk shida ne zai hau. Range Rover da aka saba gani 5x120 ce, G-Wagon 5x130. Duk wanda ya ce maka wili ɗaya yana hawa dukkansu, ko bai san aikin ba ko kuma ya sani yana so ya ci kuɗinka.

Sai nauyi, wanda mutanenmu ba sa dubawa ko kaɗan. Land Cruiser ba Corolla ba ce, babu kowa a ciki ta kai wajen tan biyu da rabi, balle an loda iyali da buhunan taki. Bayan girman taya akwai lamba da harafi, misali 285/60R18 116V, wannan 116 ɗin yana nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,250, V kuma gudun da za ta jure har kilomita 240 a awa. Buɗe ƙofar direba za ka ga takarda manne a jikin ginshiƙin, kamfani ya rubuta girman taya da iskar da ake sawa, kada ka sauka ƙasa da nauyin da motar ta zo da shi. Kuma motocin nan ƙafa huɗu suke ja koyaushe, in ka haɗa taya mai girma daban daban kana wahalar da giya ne da kanka.

Ni dai a ra'ayina duk mai son shiga daji ya rabu da inci 22 ɗin nan. Wili in ya yi girma naman taya raguwa yake, rami ɗaya mai kyau sai gefen ya kumbura ko wilin ya lanƙwashe, kuma ba ka da damar rage iska in ka shiga yashi. Inci 18 da taya mai kauri ya fi maka alheri nesa ba kusa ba, in dai an gwada an ga bai taɓa birki ba. Masu 22 su yi ta zagaye a Maitama, babu laifi, amma ba hanyar gona ba.

Abin da ya sa kasuwar ƴan damfarar nan take ci, tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal, Dunlop ma ta daina yi a Legas, kusan duk tayar da muke hawa shigo da ita ake, ga dala ta yi tsada, kowa yana neman sauƙi. Tsohuwar taya tana cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su amma ga ta nan ko'ina ana ce mata ƴar Beljiyom. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama tayoyin da aka cusa ɗaya cikin ɗaya a kwantena don a rage kuɗin dako, irinsu ko sababbi ne bakinsu ya riga ya lalace. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma cewa take taya in ta shekara huɗu daga ranar da aka yi ta a cire. Kuma kada wani ya ɗauka babbar mota tana hana mutuwa, a watan Maris na 2016 ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa sun rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar jif ɗinsu ta fashe. Ban ce tayar jabu ce ba, ina nuna muku ne abin da fashewar taya ɗaya take yi wa mota mai tsayi da nauyi in tana gudu.

Don haka kada ka tura ko sisi sai ka ga kaya, ka tafi da mai facinka ko bakanikenka, a goge gefen kowace taya ɗaya bayan ɗaya har da ta safaya, a duba lambar a huɗun duka ba ɗaya da za a turo maka hotonta ba, a kifa wili a duba cikinsa, a gwada shi a jikin motar babu adafta. A ba ka rasit mai adireshin shagon da za ka iya komawa, sunan akawun ya zama na wanda kake ciniki da shi. Tsofaffin wilinka kuma kada su bar gidanka sai sababbin sun hau an yi balansin an ɗana hanya.

Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya garzaya bankinsa yau ɗin nan ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya ajiye hoton hirarsu da rasit ɗin tiransifa da lambar wayar yaron da ya kawo kaya, ya kai wa ƴan sanda ko EFCC. Mu ma hanyar da muka bi ke nan, kuma in masu ƙorafi suka yi yawa a kan akawun ɗaya an fi saurin ɗaukar maganar da muhimmanci.