Takalmin Gudun Fanfalaki: Daidai Ƙafa Ko Ƙarin Rabin Lamba?

Ana yawan tambayar wanne za a saya. Kuɗinsu ɗaya ne, bambancin yana ga ƙafa. Takalmi daidai ƙafa yana riƙe diddige gam, amma ƙafa kan kumbura a dogon gudu, yatsu su yi ta dukan gaba, musamman a gangara, har farce ya yi baƙi ya fita. Ƙarin rabin lamba yana ƙara wa yatsu sarari a gaba. Illarsa, diddige kan zame ya jawo bororo, sai an zura igiya ta ramin ƙarshe an ɗaure. A gwada da yamma, sanye da safar gudu.

Mai gajeren gudu, daidai ƙafa ya ishe shi. Mai shirin kilomita 42, ya ƙara rabin lambar.